Eidur Gudjohnsen: yaron da ya canji mahaifinsa a fili

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da dare muna majalisa ana lissafin 'yan wasan gaban da Chelsea ta taɓa yi. Wannan ya ce Drogba, wancan ya ce Diego Costa, wani ya ce Anelka, har Torres sai da aka ambata. Da na ce Eidur Gudjohnsen, sai wani yaro ya juyo ya tambaye ni wai shi kuma a wace ƙungiya ya buga. Wallahi abin ya tsaya mini a rai har na kwanta.

Mutumin nan ɗan ƙasar Ayislan ne, an haife shi a Reykjavik ranar 15 ga Satumba 1978. Shekara shida ya yi a Chelsea, daga 2000 zuwa 2006, wasa 263, ƙwallo 78, kofin Firimiya biyu. Daga nan ya tafi Barcelona ya ɗauki La Liga da Kofin Zakarun Turai. Amma ba kofunan ne suka sa nake son a yi maganarsa ba. Ranar 24 ga Afrilu 1996 Ayislan ta buga wasan sada zumunta da Estoniya a Tallinn. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci aka yi canji, aka fitar da Arnor Gudjohnsen mai shekara 34, aka sako yaro ɗan shekara 17. Yaron nan ɗansa ne na cikinsa. Uba yana fita, ɗa yana shiga, suka haɗu a bakin layi uban ya sumbace shi a kumatu. Ni dai a tamaula ban san wani abu da ya taɓa ni kamar wannan ba. Me kuke tunawa da shi?

Alhaji Mai Gidan Kallo:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi ka tuna mana baya. Shekarun da yake Chelsea su ne shekarun da na buɗe gidan kallo, da talabijin ɗaya da benci takwas da ƙaramin janareta. Yara ba sa iya faɗin sunansa, sai dai su ce mai farin gashi. In shi da Hasselbaink suna gaba, ko ba ɗan Chelsea ba ne kai sai ka gyara zama.

Na-Barça:
Yaya Baban Ummi, labarin uba da ɗa yana da daɗin ji, ban musa ba. Amma mu raba labari da iya ƙwallo. A wajenmu shekara uku ya yi, yawancinta a benci. An sayo shi Yuro miliyan 12 a 2006 don ya maye gurbin Henrik Larsson, bai kuwa kai Larsson ba. Kofin Zakarun da kake cewa ya ɗauka, a wasan ƙarshe na birnin Rum da Manchester United ko minti ɗaya bai buga ba. Eto'o da Messi suka ci ƙwallayen, shi yana zaune. Ni a ganina ɗan wasa ne mai kyau da Allah ya haɗa shi da manyan ƙungiyoyi a daidai lokacin da suke tashe, shi ke nan.

Baban Ummi:
Ƙanena, shekararka nawa a 2002?

Na-Barça:
Shida. Amma na ga bidiyo, kuma lissafi ba ya ƙarya.

Baban Ummi:
To bari in ba ka lissafin. Kakar 2001/02 Hasselbaink ya ci 29, Eidur ya ci 23, ƙwallo 52 ke nan su biyu kawai. Lokacin nan babu Abramovich, babu kuɗin da kuka taso kuka gani, Ranieri ne koci. Hasselbaink ƙarfi ne da shi da bugu kamar zai yaga raga, shi kuwa Eidur shi ne mai saukowa ƙasa ya karɓi ƙwallo, ya juya, ya tura masa ita inda ƙafarsa za ta same ta. Kai da ganin wasansu ka san kowa ya san inda ɗan'uwansa yake ba sai ya ɗaga kai ba. Bidiyon minti biyar ba zai nuna maka wannan ba, don masu yanka bidiyo ƙwallon da ta shiga raga kawai suke ɗauka.

Sannan da Mourinho ya zo a 2004 ya kawo Drogba da Kezman, kowa ya ce ta mutumin nan ta ƙare. A kakar da muka ɗauki kofi da maki 95, bayan shekara 50 ana jira, ƙwallo 12 ya ci a Firimiya. Drogba 10 ya ci. Lampard kaɗai ya fi shi, da 13. Kuma fa a wasanni da dama tsakiya aka mai da shi.

Kawu Ɗanladi:
Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Na-Barça, ɗana, akwai abin da ka tsallake, kuma shi ne ginshiƙin maganar. Baban Ummi ma bai ƙarasa labarin Tallinn ba.

Ranar nan uba da ɗa za su iya bugawa tare, ba abin da ya hana sai shawarar manya. Shugaban hukumar ƙwallon ƙasar na lokacin, Eggert Magnusson, shi ya so a jinkirta. Nufinsa abin tarihin ya faru a gida gaban mutanensu, a wasan neman gurbin Kofin Duniya da Masedoniya a watan Yunin shekarar. Niyya ce mai kyau, ba wanda zai ce ba haka ba. Kafin ranar ta zo sai yaron ya je buga wa ƙasarsa wasan 'yan ƙasa da shekara 18 da Ireland, aka karya shi a idon sawu. Kusan shekara biyu bai taka leda ba. Ranar wasan Masedoniya uban ya buga shi kaɗai, aka tashi 1-1, shi ne ma ya ci wa Ayislan. Kafin ɗan ya warke ya dawo tawagar ƙasa uban ya riga ya ajiye takalmin buga mata. Ba su taɓa tsayawa cikin fili ɗaya a rigar ƙasarsu ba.

To ka auna. Yaron da PSV ta Holan ta ɗauka yana ɗan shekara 16, yana atisaye da Ronaldo na Brazil a ƙungiya ɗaya, shi ne ya wayi gari PSV ta sallame shi, ya koma gida yana buga wa KR ta Reykjavik. Da yawa daga nan ba sa sake tashi. Mu da muka koyar a makaranta mun ga yara masu baiwa da karaya ɗaya ta mai da su gefen fili har abada. Shi ya tashi daga nan ya je Bolton a 1998, ƙungiyar da ke rukuni na biyu a Ingila, ya fara daga ƙasa. Wanda ya yi wannan tafiyar har ya kai ga saka rigar Barcelona, ba za a ce masa sa'a ce kawai ba.

Na-Barça:
Kawu, Allah ya ƙara girma, wallahi ban san da maganar karayar ba. Na ɗauka daga Bolton ya faro.

Kawu Ɗanladi:
Amin. A Bolton ɗin ma ba zaman banza ya yi ba. Kakar 1999/2000 ƙwallo 21 ya ci. Shekarar nan sun kai wasan kusa da na ƙarshe sau uku, duka ukun aka cire su: Tranmere a kofin League, Aston Villa a kofin FA da bugun fenareti, Ipswich a wasannin neman hawa Firimiya. Daga nan Vialli ya saye shi.

Shamsu Ɗan Liverpool:
Ni ba zan ɓoye muku ba, in aka ce Gudjohnsen abu ɗaya ke zuwa mini: Anfield, filin Liverpool, 3 ga Mayu 2005, wasanmu da Chelsea na kusa da na ƙarshe a Kofin Zakarun Turai. Luis Garcia ya ci tun minti na huɗu, aka yi ta kai ruwa rana, alƙalin wasa ya ƙara minti shida. A na ƙarshensu ƙwallo ta faɗo gabansa kusa da raga, golanmu Dudek ya riga ya fita daga wurinsa. Ya buga ta wuce ta gefen ƙarfe. Da ta shiga da babu maganar wasan ƙarshe na Istanbul, da babu kofinmu na biyar. Babban ɗan wasa ba ya zubar da irin wannan.

Alhaji Mai Gidan Kallo:
Kai Shamsu, ka tono mana ciwo. Daren nan gidana ya cika har waje, wasu a tsaye suke leƙe ta taga. Man janareta ya kusa ƙarewa, ina tsaye kusa da shi da galan a hannu ina tsoron ya mutu kafin a tashi. Da ƙwallon ta bar ƙafarsa rabin ɗakin suka miƙe da ihun ta shiga, benci ɗaya ya kife da mutane. Sai kuma aka ji tsit. Akwai wani tela maƙwabcina, babban mutum da iyalinsa, ya zauna a ƙasa ya dafe kai, har na kashe kaya na rufe ƙofa bai tashi ba.

Baban Ummi:
Shamsu, ya zubar, gaskiya ne, ni ma kwana na yi ban yi barci ba. Amma wa ya kai mu Anfield ɗin? Wata biyu kafin nan, 8 ga Maris, Barcelona ta su Ronaldinho ta zo Stamford Bridge bayan ta ci mu 2-1 a gidanta. Minti na takwas wa ya buɗe raga? Shi ne. Lampard ya ƙara, Duff ya ƙara, kafin minti 20 uku babu ko ɗaya. Ronaldinho ya rama biyu, Terry ya rufe da kai aka tashi 4-2. In za ka ɗora masa ta Anfield, to ka ba shi ta Barcelona.

Sannan ƙwallon Garcia ɗin nan har yau ba wanda ya nuna mana ta haye layi.

Shamsu Ɗan Liverpool:
Ta haye. Ko ba ta haye ba ma fenareti ce da jan kati ga Cech, don shi ya kayar da Baros.

Kawu Ɗanladi:
Ku bar wannan, an shafe shekaru ana yinta ba a gama ba. Ku koma kan mutumin.

Maman Sadiq:
Sannunku da hira. Ni ba gwanar lissafin ƙwallaye ba ce, a gidan yayyena na koyi kallo. Amma maganar Shamsu ta tuna mini da Yakubu Aiyegbeni a 2010 da Koriya ta Kudu, raga a buɗe ya zubar. Har yau in aka ambaci sunansa abin da mutane ke fara faɗa ke nan, an manta da duk ƙwallayen da ya ci wa Najeriya, an manta a wasan ma shi ya ci fenaretin da ta sa aka tashi 2-2. Ba adalci ba ne a ɗauki aikin shekara ashirin a auna shi da bugu ɗaya.

Abin da ya kawo ni dai wani ne. Na ji an ce mutumin nan ya taɓa faɗawa caca. Gaskiya ne?

Baban Ummi:
Gaskiya ne Hajiya, ba zan kare shi a nan ba. A watan Janairun 2003 shi da bakinsa ya faɗa cewa ya yi asarar fam 400,000 a gidajen caca cikin wata biyar. A lokacin yana jinyar rauni, ba ya buga wasa. A cikin watan ne kuma ya ci ƙwallon nan da Leeds, wadda ya juya wa raga baya ya tashi sama ya buga ta ta saman kansa. Mun ci 3-2 ranar.

Maman Sadiq:
Abin da ya sa na tambaya, ƙanena ne. Yaro mai hankali, yana gyaran waya, yana samun na kansa. Ya fara da naira ɗari biyu a wani shagon caca na bakin titinmu, wai yana gwada sanin ƙwallo. Sau ɗaya ya ci dubu goma sha wani abu, daga nan aka rasa kansa. Kuɗin adashin mahaifiyarmu da aka aike shi ya kai, can ya kai su. Ranar da abin ya fito ina ɗakin, ta zazzage aljihunsa a kan tabarma, ba komai sai tarin 'yan takardun nan dogaye, an naɗe su kamar laya. Ba ta ce masa uffan ba, hawaye kawai take yi. Alhamdu lillahi ya bari yanzu, amma sai da ya sayar da kayan aikinsa aka biya bashi. Shi ya sa in na ji mai ɗaukar albashin Chelsea ma cacar ta kayar da shi, sai in ce to ina ga yaran unguwa.

Alhaji Mai Gidan Kallo:
Allah ya ƙara shirya shi, ya ba Hajiya babba haƙuri. Wannan magana ni ta fi shafa. Da in ana wasa yaro ƙungiyarsa yake goya wa baya. Yanzu sai ka ga yaro da rigar Arsenal yana addu'ar a ci Arsenal saboda takardar da ke hannunsa. Na hana shigo mini da ita, wasu suka daina zuwa, na ce su tafi. Abin da na yaba wa Gudjohnsen shi ne da ya fito ya faɗa. Namu ɓoyewa suke har sai gida ya kama da wuta.

Na-Barça:
Anti Maman Sadiq, Allah ya kiyaye gaba. Abokaina biyu suna ciki yanzu haka, zan tura musu abin da kika rubuta in kin yarda.

Maman Sadiq:
Ka tura, ƙanena.

Ɗan Zongon Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan ta dalilin Essien muka shiga Chelsea a 2005, don haka shekara ɗaya kacal na gan shi a rigar. Abin da na fi tunawa shi ne 2009, ranar da Essien ya ci ƙwallon nan da ƙafar hagu tun minti na tara, Iniesta ya rama a ƙarin lokaci, alƙalin wasa ya hana mu fenareti a kai a kai. Gudjohnsen yana ɓangaren Barcelona ranar, an sako shi a mintunan ƙarshe. A 2006 ma ya ci mu a Camp Nou, wasan da aka tashi 2-2. Ban taɓa jin haushinsa ba, aikinsa yake yi.

Na-Barça, ka ce benci. Ka je ka duba El Clasico na Disambar 2008 a Camp Nou, wanda kuka ci Madrid 2-0. Su wa Guardiola ya fara da su a tsakiya? Xavi, Yaya Toure da Gudjohnsen, don Iniesta yana jinya. Guardiola ba ya saka mutum a tsakiyarsa don kunya.

Na-Barça:
Na duba, haka ne. Amma har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya: wanda Eto'o, Henry, Messi, Xavi da Iniesta ke gabansa ba zai samu wuri ba, kuma bai samu ba. Ba laifinsa ba ne, amma kada a ce yana sahunsu. Sannan ku dubi bayan ya bar mu a 2009. Monaco bai ci ko ɗaya ba a gasar Faransa. Tottenham aro, Stoke, Fulham aro, AEK ta Girka, Cercle Brugge, Club Brugge, ya koma Bolton, ya tafi Sin, ya tafi Molde ta Norway, har Indiya ya je. Wannan yawon ba na gwarzo ba ne.

Baban Ummi:
Ban ce yana sahun Messi ba, ko da wasa. Yawon kuwa ni wata fassara nake ba shi. A AEK an sake karya shi a ƙafa a 2011, yana da shekara 33. Mai kofin Firimiya biyu da na Zakarun Turai, me zai hana shi ya tattara ya koma gida ya huta? Bai huta ba saboda akwai abin da bai samu ba. A lokacin ƙasarsa ba ta taɓa zuwa babbar gasa ba, ko sau ɗaya. Shekara da shekaru shi ne fitilarsu, yana tashi daga Landan ko Barcelona ya je ya buga wa tawagar da kowa ya san ba za ta kai ko'ina ba. A Nuwambar 2013 suka zo daf da Kofin Duniya, Kuroshiya ce kawai a gabansu. Aka tashi babu ci a Reykjavik, aka ci su 2-0 a Zagreb. Bayan wasan ana hira da shi a talabijin ya fashe da kuka, yana ganin wasansa na ƙarshe ke nan.

Sai ga shi a Maris 2015 an sake kiransa, ya ci Kazakhstan. Ya je gasar Turai ta 2016 a Faransa yana da shekara 37. Sau biyu aka sako shi, da Hungary da kuma Faransa a wasan da aka cire su 5-2. A na Faransan kyaftin Aron Gunnarsson ya cire kambu daga hannunsa ya ba shi. Shekara 20 ke nan daga ranar Tallinn. Wasa 88 ya buga wa ƙasarsa, ƙwallo 26. Ni yawon da ka lissafa ina ganin neman inda zai riƙa buga wasa ne don kada a manta da shi a tawagar ƙasa.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum daga Zinder. Ni tambayata a kan ƙasar ce. A 2016 mutanenta wajen 330,000 ne, birnin Yamai kaɗai ya ninka su. Suka yi kunnen doki da Fotugal ta Cristiano Ronaldo, suka ci Austria, suka fitar da Ingila 2-1 a Nice. Mu Mena, tawagar Nijar, sau biyu muka je gasar Afirka, 2012 da 2013, ba mu ci wasa ko ɗaya ba. Mene ne sirrinsu?

Kawu Ɗanladi:
Malam, babu sirri, ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasa ce ta sanyi, a watan Disamba hasken rana bai fi awa huɗu zuwa biyar ba a Reykjavik, gasarsu ta cikin gida ma a 'yan watannin ɗumi ake yinta. Daga shekarar 2000 suka fara gina manyan rumfuna masu rufi da ciyawar roba, yaro ya yi atisaye duk shekara ko ana zuba ƙanƙara. Suka shimfiɗa ƙananan filaye a makarantu. Abin da ya fi duka, suka horar da masu horarwa, ta yadda ɗan shekara shida ma wanda ke koya masa yana da takardar shaida. Yaran da suka taso a rumfunan nan su ne suka ci Ingila.

Ƙaramar hukumar Dala kaɗai a ƙidayar 2006 ta fi Ayislan yawan jama'a. Filayen makarantun da muka yi wasa a cikinsu muna yara, je ka gani yau, shaguna ne.

Ɗan Zongon Kumasi:
Kawu, amma Gudjohnsen ba ɗan rumfa ba ne ai, ya riga su.

Kawu Ɗanladi:
Ƙwarai, ka lura da kyau. Shi ɗan gado ne. Ƙuruciyarsa a Beljiyam ya yi yawancinta, don uban yana buga wa Lokeren, daga baya Anderlecht, inda har ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasar a kakar 1986/87. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma yaran rumfar nan shi suka taso suna kallo a talabijin yana ɗaga kofi a Landan. Rumfa tana koya wa yaro taɓa ƙwallo, shi kuma ya nuna musu ɗan tsibirinsu zai iya zama a ɗaki ɗaya da Ronaldinho.

Wani abin da zai ba ku sha'awa, sunayensu irin namu ne. Yawancinsu ba su da sunan dangi, sunan uba ake liƙa wa yaro. Gylfi Sigurdsson ma'anarsa Gylfi ɗan Sigurdur, mace kuma a ce dottir, wato 'yar wane. Kamar dai mu ce Musa Ibrahim. Gudjohnsen yana cikin 'yan tsirarun da ke da sunan dangi, kuma a gida Eidur Smari suke ce masa.

Shamsu Ɗan Liverpool:
Kawu, kocin da ya kai su 2016 ba shi ne namu na Najeriya na 2010 ba?

Kawu Ɗanladi:
Shi ne, Lars Lagerback ɗan Sweden. Mu mun ɗauko shi saura 'yan watanni a fara Kofin Duniya a Afirka ta Kudu, ya dawo da maki ɗaya, aka rabu. Su sun ba shi sama da shekara huɗu, tare da Heimir Hallgrimsson, wanda likitan haƙori ne a garinsu. Mutum ɗaya ne, haƙurin da aka yi da shi ne ya bambanta.

Alhaji Mai Gidan Kallo:
Duk da haka dai mun ci su. Juma'a 22 ga Yunin 2018 a Volgograd, a Kofin Duniya. Kwana shida kafin nan golansu Halldorsson ya tare fenaretin Messi sun tashi 1-1 da Ajantina, mu kuma Kuroshiya ta ci mu 2-0, kowa jikinsa ya yi sanyi. Sai Ahmed Musa ya tare ƙwallon da Victor Moses ya kawo da ƙafa ɗaya ya ɗirka ta. Ta biyun ya ja mai tsaron baya, ya kwantar da gola, ya zaɓi inda zai saka. Sigurdsson ya samu fenareti ya buga sama. Ranar ban karɓi kuɗin kowa ba bayan an tashi, waɗanda suka biya ma lemo na saya musu.

Baban Ummi:
Ranar ni ma Najeriya na bi, ba tambaya. Eidur ya riga ya yi ritaya a 2017, bai samu Kofin Duniya ba.

Kawu, bari in ƙarasa abin da ka faro, don akwai sauran labarin Masedoniya. 'Ya'yansa maza uku duk ƙwallo suke yi: Sveinn Aron, Andri Lucas da Daniel Tristan. A Satumbar 2021 Masedoniya ta Arewa ta zo Reykjavik, ƙasar da aka so kaka da uba su buga da ita tare a 1996. Tana gaba da ci 2-0, Ayislan ta rama ɗaya, sai Andri Lucas ya shigo daga benci yana ɗan shekara 19 ya farke ta biyun. Eidur yana bakin fili a matsayin mataimakin koci. Wata guda bayan nan da Liechtenstein, Sveinn Aron ya sauke wa ƙanensa ƙwallo da kai, ƙanen ya ci. Abin da aka hana uba da ɗa, wa da ƙane suka samu a gaban idonsa.

Maman Sadiq:
Ikon Allah. Baban Ummi, yadda kake ba da labarin nan kamar akwai wani abu a ƙasansa.

Baban Ummi:
Akwai, Hajiya. Mahaifina gola ne a ƙungiyar unguwarmu a Kaduna, tun zamanin da Babayaro yake yaro a garin. Duk washegarin babbar sallah ana buga wasa tsakanin unguwarmu da ta maƙwabta, dattawa da samari a haɗe. Shekarar da na cika 16 aka ce in shigo, ya ce a'a, in bari sai baɗi na ƙara ƙwari mu buga tare, shi a raga ni a baya. Na tsaya a gefe riƙe da butar ruwansa da hularsa. Kafin wata sallar ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Safar hannunsa tana nan a akwatina, roba duk ta ɓare a tafin. Shekaru bayan nan na ji labarin Tallinn a rediyo ina cikin mota, sai da na gangara gefen titi na tsaya.

Kawu Ɗanladi:
Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Maman Sadiq:
Amin ya Allah. Allah ya jiƙan mahaifa.

Ɗan Damagaram:
Allah ya gafarta masa, ya raya abin da ya bari.

Shamsu Ɗan Liverpool:
Amin. Yaya ka yafe ni, da na sani da ban kawo maganar Anfield ba.

Baban Ummi:
Amin, na gode muku duka. Ba komai Shamsu, Anfield ɗin ma cikin tarihinsa take, ba a cire ta.

Na-Barça:
Allah ya jiƙan Baba. Yaya, yanzu na gama kallon ƙwallon Leeds ɗin sau uku, da kuma wasan 4-2. Har yanzu ina cewa Larsson ya fi shi a rigarmu. Amma maganar sa'a da na yi ɗazu na janye ta.

Alhaji Mai Gidan Kallo:
Ina da cikakken wasan 4-2 ɗin a ajiye. Asabar bayan la'asar babu wasa, zan saka shi kyauta. Baban Ummi ka zo da yaron majalisar nan da ya tambaye ka, ka zo da naka yaran ma. Na-Barça kai ma ka zo, benci na gaba naka ne.

Na-Barça:
In sha Allahu ina nan tafe, Alhaji. Zan zo da abokan nan nawa biyu.